Hawan Dutsen Nur da Dutsen Sauru tare da dattijai: wane wata, wane kaya, kwana nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Jidda ne. Mahaifina mai shekara 67 da ƙanwarsa, Gwaggo, za su zo Umra daga Kano, kwana shida a Makka, huɗu a Madina. Baba ya ƙwallafa rai sai ya ga Kogon Hira da Kogon Sauru da idonsa. Yana da ciwon suga, amma yana tafiyarsa lafiya lau. Niyyata in ɗauki hutun kwana ɗaya mu hau duka biyun, ɗaya da safe ɗaya da yamma. Za su iya zuwa a Satumba ko a Disamba. Wanne ya fi, kuma me za mu tanada?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya saka maka da alheri kan hidimar iyaye, ya kawo su lafiya.

Maganar hawa biyu a rana ɗaya, Malam, ka cire ta a ranka tun yanzu. Ko saurayi mai jini a jika in ya yi haka sai ya kwana biyu yana ɗingishi, balle dattijo mai suga wanda ya gama ɗawafi da sa'ayi. Abin da ke ruɗar mutane shi ne motocin ziyara. Suna tsayawa a gindin dutsen, direba ya nuna da hannu ya ce ga Jabalun Nur, a ɗauki hoto a wuce, sai mutum ya ɗauka abin kusa ne. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Dutsen Nur yana arewa maso gabashin Harami, tazarar kilomita huɗu zuwa biyar, kuma ƙololuwarsa ta kai kimanin mita 640 daga saman teku. Abin da ƙafa za ta hau daga gindi zuwa kogon kusan mita 270 ne. In ka ƙiyasta kowane hawan bene mita uku, kamar a ce Baba ya hau bene mai hawa casa'in ke nan ba lif, a kan matakala fiye da dubu waɗanda tsayinsu bai daidaita ba. Dutsen Sauru yana kudu da Harami, tsayinsa kimanin mita 750, hawansa ya haura mita ɗari huɗu, hanyarsa ta fi tsawo, ta fi duwatsu, ta fi ƙarancin inuwa da mutane. Mai ƙarfi yana hawa Nur cikin minti 45 zuwa awa ɗaya, dattijo kuwa awa ɗaya da rabi zuwa biyu. Sauru awa ɗaya da rabi ne ga mai ƙarfi, ga dattijo ya kan kai uku, sannan ga saukowa tana jira.

Akwai abin da ya kamata Baba ya ji daga bakinka cikin ladabi kafin ya taso, domin shi ne zai sauƙaƙa masa juyawa in jiki ya ƙi: hawan waɗannan duwatsu ba ya cikin ayyukan Umra ko Hajji. Ba rukuni ba ne, ba wajibi ba, kuma hukumomin Saudiyya sun kafa alluna a gindin dutsen da harsuna daban-daban suna faɗin haka. Tarihi ne ake zuwa gani. A Hira ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ suka sauka, cikin Ramadan, shekara ta 610 miladiyya. A Sauru Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a farkon hijira, shekara ta 622, abin da aya ta 40 ta Suratut Tauba ta ambata. Wanda ya tsaya a ƙasa Umrarsa ba ta ragu da komai ba. Dattawanmu da yawa suna jin kunyar a ce sun kasa, sai su matsa wa kansu har a sauko da su a kan makarar marasa lafiya.

Tsakanin watannin biyu kuwa babu ma abin shawara, Disamba za ka zaɓa. A Satumba zafin Makka da rana yana kai maki 42 zuwa 43, da dare ma ba ya sauka ƙasa da 28 ko 29 sosai, kuma dutse yana riƙe zafin da ya sha da rana har tsakar dare, in ka dafa shi da hannu za ka ji. Kai da kake aiki a nan ka san dokar da ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga sha biyu zuwa uku, tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba. Ka kuma tuna Hajjin 2024, da zafi ya kai maki 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu, mafi yawansu saboda doguwar tafiya a rana ba inuwa. A Disamba da Janairu rana tana tsayawa wajen maki 30 zuwa 32, asuba kuma 18 zuwa 20, da iska a saman dutse har mutum ya nemi rigar sanyi mara nauyi.

Sai dai sanyi yana zuwa da nasa haɗarin, wanda 'yan ƙasarmu ba su cika kawowa a rai ba. Ɗan ruwan saman da Makka ke samu galibi tsakanin Nuwamba da Janairu yake sauka, kuma ba irin na gida ba ne da hadari zai haɗu a gabas ka gan shi tun daga nesa. Yana iya tsinkewa farat ɗaya da iska da tsawa. Dutsen ba ya shan ruwa, don haka matakalar kanta ce ke komawa magudana, ga santsi, ga tsakuwa na gangarowa. Saman dutse kuma shi ne wuri mafi muni ga mutum lokacin aradu. Da daddare kafin ranar hawa ka duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta Saudiyya. In an ba da gargaɗin ruwa ko tsawa ga yankin Makka, ko da sama tana garau a idonka, ku ɗaga tafiyar. In kuna sama kuka ji rugugi, ku fara sauka nan take, kada ku tsaya jiran layin kogo, kada kuma kowa ya buɗe lema.

Yanzu ga yadda zan raba kwanakin nan shida. Ranar farko ta Umra ce kawai. Sa'ayi kaɗai ya kai kimanin kilomita uku, ɗawafi ya haura kilomita ɗaya a ƙasa kusa da Ka'aba, in cunkoso ya tura su bene kuwa sai ya ninka. Haɗa da gajiyar jirgi da tafiyar otal zuwa Harami. Rana ta biyu hutu, sallolin Harami sun ishe su motsa jiki. Rana ta uku gwaji ce: ka kai su Arfa da sassafe su hau Jabalur Rahma, wanda tsayinsa bai wuce mita saba'in ba kuma yana da matakala. Ka lura da Baba sosai a nan, amma kada ka nuna masa jarrabawa kake yi. In ya kai sama yana iya magana cikakkiya ba tare da numfashi ya katse masa jimla ba, kuma gwiwa ba ta yi masa rawa a saukowa ba, to za a iya gwada Nur. In ya tsaya sau uku yana haki a wannan ɗan tudun, magana ta ƙare, ka kai shi unguwar tarihi ta Hira da aka buɗe a gindin Dutsen Nur a 2023, akwai baje-kolin tarihin saukar wahayi da ke nuna siffar kogon, ya gani yana kan ƙafarsa a ƙasa.

Rana ta huɗu ita ce ta Nur. Ta biyar hutu ne cikakke, domin ciwon cinya da sha-raɓa ba ranar hawa yake tashi ba, washegari da jibi ne yake tsananta. Ta shida ce ta Sauru, kuma ra'ayina a fili shi ne kai kaɗai ka hau, ko da wani abokinka, ka ɗauko musu hoto. Baba da Gwaggo su je gindin dutsen a mota su ɗaga kai su ga inda Nana Asma'u 'yar Abubakar ta riƙa kai abinci, wannan kallon kansa ya isa ya girgiza zuciya. Ban ga dalilin da zai sa mai shekara 67 da suga ya yi awa biyar zuwa shida a Sauru ana gobe zai kama hanyar Madina ba. Kada kuma ka bari ranar hawa ta faɗo Juma'a, don Harami yana cika tun hantsi, za ku sauko a gajiye ku rasa wuri. A Madina sai su huce da Jabalur Rumat a Uhudu, tudun da aka tsayar da maharba hamsin a shekara ta uku bayan hijira, daura da makwancin Sayyidina Hamza. Minti biyar ne a hau shi.

Lokacin tashi ya fi duk wani kayan da za ka saya muhimmanci. A tsakiyar Disamba asuba a Makka tana kamawa wajen biyar da rabi, rana ta fito wajen bakwai saura minti goma. Ku bar otal ƙarfe biyar, ku yi asuba a masallacin gindin dutsen, ku shiga banɗaki a nan domin a sama babu, ku fara hawa shida saura. Kashi ɗaya cikin uku na farko za ku yi shi da tocila, sauran cikin haske da sanyin safiya. Wajen bakwai da rabi zuwa takwas kuna sama, kafin goma da rabi kun sauko. In dole ta sa Satumba suka zo, asuba tana wajen biyar saura minti goma, fitowar rana shida da 'yan mintuna, don haka sai ku fara hawa ƙarfe uku na dare da alwalarku, ku yi asuba a sama, ku kasance a ƙasa kafin takwas. Ko a wane wata ne, ku yanke lokacin juyawa tun kuna otal: ƙarfe takwas da rabi a Disamba, shida da rabi a Satumba. In lokacin ya cika, duk inda kuke, ko kuna hango bakin kogon, sai a juya. Hawan la'asar da wasu ke yi ba na dattijai ba ne, domin yana nufin saukowa cikin duhu da ƙafa a gajiye.

Game da kaya, takalmi ne kan gaba. Kambas mai ɗaurin igiya, mai ƙasan roba da zane-zanen da ke kama dutse, da safar auduga mai kauri. Ba silifas ba, ba takalmin fata mai sulɓin ƙasa ba, ba kuma sabon da aka sayo jiya a kasuwa ba. Ka tura kuɗi a saya musu a Kano tun da wata guda da rabi, su riƙa tafiyar minti talatin zuwa arba'in da shi kullum, da hawan matakala, in ya so Dala ko Goron Dutse sau ɗaya a mako. Takalmin ya ɗan fi ƙafa girma da kamar faɗin yatsa, domin a saukowa yatsun ƙafa suna dukan bakin takalmi, shi ke sa farce ya yi baƙi ya fita. A yanke farcen bayan an kwance haramin Umra. Kuma babu mai hawa da mayafin harami, a gama Umra tukuna.

Tufafi su zama masu haske marasa nauyi. Baba ya bar babbar riga da doguwar jallabiya a otal, ya sa wando da riga iya gwiwa da hula mai baki. Matsalar Gwaggo ita ce abaya: wurin hawa mace tana taka gaban rigarta da kanta, wurin sauka na bayanta ne ke takawa. Ta sa dogon wando a ciki, abayar ta tsaya iya idon sawu ko ta tattare ta da ɗamara, hijabin kuma kada ya zama mai jan ƙasa. Hannayen kowa biyu su kasance a sake, saboda haka jakar goyo za ka ɗauka, kada kowa ya riƙe leda ko jakar hannu. Tocilar da ake ɗaurawa a goshi ta fi ta waya, don wayar tana cinye hannu ɗaya tana kuma cinye caji. Sanda ɗaya ga kowane dattijo, mai roba a gindi, tsawonta daidai inda gwiwar hannu za ta lanƙwashe. Ana sayar da su a gindin dutsen, amma ka jijjiga ka gwada kafin ka biya.

Batun leda yana da wani dalili: birai. Duwatsun biyu cike suke da goggon biri, sun kuma san ƙarar leda abinci ce. Suna fizge jaka daga hannu, kuma faɗuwar da ake yi ba daga cizo take zuwa ba, daga firgita da jayayya da biri a bakin gangara take zuwa. In ya kama abu, a sakar masa. Kada a ba su abinci, kada a zura musu ido ko a ɗaga musu sanda. Fasfo ya zauna a otal, ku ɗauki kwafin bizarsu da katin otal, kai kuma iƙamarka, wato katin izinin zamanka, a aljihun ciki mai zif. Wanda biri ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti goma sha biyar a wuce asibiti a ranar, saboda allurar rigakafin ciwon haukan kare.

Ruwa: lita ɗaya da rabi ga kowane mutum a Nur cikin Disamba, biyu da rabi a Satumba, Sauru kuwa uku ne mafi ƙaranci. Kowace lita kilo ɗaya ce, ke nan ruwanku ku uku a Nur kilo huɗu da rabi ne a Disamba, bakwai da rabi a Satumba, kai za ka goya mafi yawansa, dattijan kowa ƙaramar gora ɗaya a aljihu. Akwai masu sayar da moya, wato ruwan sha, da shayi a wasu rumfuna a hanya da tsada, amma kada ka dogara da su, da asuba sau da yawa ba su buɗe ba. A sha kofi ɗaya kowane minti goma sha biyar zuwa ashirin, ba sai ƙishi ya zo ba. Dattijai ba sa jin ƙishi da wuri, ga kuma al'adarmu ta ƙin shan ruwa don kada alwala ta karye. Wannan al'ada ce ke kayar da mutane a dutse. Gora ɗaya ta zama ta ruwan gishiri da suga: ko ka sayi ƙullin a saidaliyya, wato kantin magani, ko ka haɗa ƙaramin cokali shida na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Kuma babu azumin nafila ranar hawa, ko da Litinin ce ko Alhamis.

Sugan Baba yana bukatar shiri na musamman, kuma haɗarinsa a dutse faɗuwar sugan ne fiye da hawansa. Kafin ya baro Kano ya faɗa wa likitansa ƙarara cewa zai yi hawan awa uku zuwa huɗu, musamman in yana allurar insulin ko yana shan irin glibenclamide, waɗanda ke kayar da suga in an yi aikin ƙarfi, ko in yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari. Kada ya rage ko ya tsallake magani da ra'ayin kansa. Ya ci wani abu kafin tashi, ko gurasar tamis da ful, wato dafaffen wake, kaɗan ko burodi da ƙwai. A auna suga kafin hawa, a sake aunawa a sama. Ka lura da awon: na'urorin nan Saudiyya suna nuna lamba irin 70 ko 120, wasu na Najeriya kuma irin 3.9 ko 6.7, kuma 70 ɗin nan shi ne 3.9. In ya sauka ƙasa da haka, ko Baba ya fara rawar hannu, gumi mai sanyi, jiri, ko ya fara faɗa ba dalili, ka zaunar da shi ka ba shi dabino biyu zuwa uku ko rabin kofin asir, wato ruwan 'ya'yan itace, mai zaƙi, ka jira minti goma sha biyar ka sake aunawa. Da an dawo otal ka duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu da idonka, domin mai suga yana iya yin bororo ko yanka bai ji ba.

Ka san bambancin gajiyar zafi da bugun rana. Gumi mai yawa, ciwon kai, tashin zuciya, murɗawar tsoka, mutum kuma yana cikin hayyacinsa: inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, a jiƙa jiki, a ba shi ruwan gishiri da suga, in ya farfaɗo a sauka, ba a ci gaba. In kuwa ya fara sambatu, ya kasa gane ku, yana tangaɗi ko ya suma, jiki zafi zau, to wannan na gaggawa ne. Ka kira 911 ko 997 ta motar asibiti, ka kwarara masa ruwa a kai, wuya, hammata da matsematsi, a yi ta fifita. Kada a ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa ruwa a baki, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin. Ciwon ƙirji ko nauyi da ke tafiya hannu ko muƙamuƙi shi ma kira ne nan take, ba a cewa bari ya huta ya gani.

Tafiyar kanta, mafi rauni shi ne a gaba, kai a bayansa wurin hawa. Minti goma tafiya, minti biyu zuwa uku hutu, a gefen da ke jikin dutse ba gefen rami ba. Kogon Hira ba a kan ƙololuwa yake ba: sai an kai sama, a ɗan gangara ta ɗaya gefen, a kutsa ta wani matsattsen tsagi tsakanin duwatsu wanda mai jiki sai ya karkace ya cire jaka. Kogon kansa tsawonsa bai kai mita huɗu ba, faɗinsa kamar mita ɗaya da rabi, mutum biyu ko uku ya cika. Layi yana iya cin rabin awa ko fiye, da turereniya. Za ka ga matasa suna tsallakewa ta saman duwatsun don su kauce wa layi, kada ka bi su, can ne mafi haɗarin wuri a dutsen duka. In cunkoso ya yi yawa Baba ya leƙa daga sama, ana ganin bakin kogon, ana kuma hango hasumiyar agogon Harami.

Saukowa ta fi hawa kayar da mutane, don cinya ta gaji, hankali ya koma gida, matakalar kuma tafin ƙafar miliyoyin mutane ya goge ta ta yi sulɓi. A nan kai ne a gaba, matakala biyu a ƙasan Baba, yadda in ya zame zai faɗo jikinka. Ya fara sa sanda a matakalar ƙasa, sannan ƙafar da ta fi rauni, sannan mai ƙarfin, a wurare masu tsayi ya juya gefe. A ƙara ɗaure igiyar takalmi kafin a fara sauka. Ka ware wa saukar lokaci daidai da na hawa, kuma ka ajiye rabin lita na kowa dominta. Motar komawa ka shirya ta tun da dare, ko ka ajiye taka a wurin da aka tanada, don da hantsi motocin ziyara sun cika gindin dutsen, masu tasi kuma suna ganin dattijo a gajiye kuɗin ya tashi.